Yanda za ka haɗa kayak, ƙaramin jirgin ruwa na katako mara nauyi, a tsakar gidanka, ko da kana Maradi

Salamu alaikum jama'a. Na san abin da wani zai fara cewa, wai mi ya haɗa mutumin Maradi da jirgin teku, mu da gulbinmu ma sai damina yake kawo ruwa, da rani yara ne ke buga ƙwallo cikin rairayinshi. Gaskiya ne. Amma tafkin Madarumfa na nan kusa ko awa guda ba ka yi a mota, kogin Isa na nan Yamai da Gaya, sannan 'yan uwanmu cike suke a Kwatano da Lome da Ikko bakin teku, kuma shi irin wanga jirgi da aka zana dan teku in ka sa shi cikin tafki ba abin da zai rage mishi, tahiya ce zai yi miƙe sak ba wahala.

Shi kayak asalinshi na mutanen ƙanƙara ne, Inuwit na Girinlan da Kanada da Alaska, su suna haɗa ƙashin jirgin da itacen da ruwa ya kawo gaɓa su lulluɓe da fatar dabbar ruwa su tahi farauta. Mutum guda yake ɗauka, kana zaune can ƙasa ƙafafu a miƙe, sama a rufe yake in ban da ramin da ka shiga, filafilin kuma baki biyu gare shi, dama da hagu. Na teku tsawonshi mita 5 ne zuwa 5 da rabi, faɗi santimita 55 zuwa 60, kuma in an yi aikin da hankali nauyinshi na tsayawa tsakanin kilo 16 da 20, wato ka saɓa shi a kafaɗa kai kaɗai. Wanda ya san nauyin kwalekwalen masunta da sai ƙarti sun taru kahin a ja shi gaɓa, shi zai gane abin da nake nufi.

Hanyoyin ginin uku ne sanannu amma guda ce za ta yi mana. Akwai ta siraran katako da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya, tana da kyau ƙwarai amma icen sida na Amurka da Kanada take so, ba mu da shi. Akwai ta ƙashi da ƙyalle irin ta asali. Tamu ita ce ɗinki da manni, ka yanka filawud siriri bisa zane, ka huhhuda gefe, ka ɗinke da wayar tagulla, ka bi ɗinkin da efoksi, wani gam mai ƙarfi da ruwa ba ya ci, da ƙyallen faiba, wato ƙyallen zaren gilas, kaman dai yanda gyartai ke yi ma fasasshiyar ƙwarya. Wani malamin koyar da kafinta ne a Ingila, Ken Littledyke, ya fito da dabarar wajen ƙarshen shekarun 1950, sannan ƙaramin jirgin nan Mirror na 1962 ya yaɗa ta duniya, an ƙera sama da dubu 70 nashi, da yawa a gareji da bayan gida.

To filawud, nan ne mutum ke cin riba ko ya faɗi tun bai fara ba. Wanda ake so shi ne na ruwa, na icen okume, kauri milimita 4, in ka samu mai tambarin BS 1088, shaidar ingancin filawud na ruwa, to ka gama. Abin haushi icen nan na Gabon ne, nan Afirka, amma sai ka sha wuya kahin ka ga mai kyau a kasuwanninmu. Falle guda santimita 122 ne da 244, nauyinshi bai kai kilo 6 ba, kuma falle uku zuwa huɗu sun isa jirgi guda, ya danganta da zanen. Wanda ke jibge wajen masu katako na silin ne da bayan kabad, gam ɗinshi ba ya jure ruwa kuma cikinshi duk rami. Kar ka yarda da rantsuwar mai shago, shi ma yanda aka ce mishi ne yake faɗi. Ka sayi ɗan guntu ko ka roƙi ɓallin gefe, ka je gida ka jefa cikin tukunya ka tafasa kaman awa biyu, ka shanya ya bushe, ka sake tafasawa, in ya ɗaye falle-falle to ka bar shi ma masu kabad. Ka duba gefen kuma, ya kasance siraran falle ukun da aka manna suka zama filawud ɗin kaurinsu ya yi kusa da juna, ba fata siririya sama da ƙasa da tsakiya ɓargo ba, sannan da dare ka haska tocila mai ƙarfi ta bayanshi, inda rami yake haske zai fi fitowa. In na ruwan ya gagara, na waje mai gam mai jure ruwa wanda ya ci jarabawar tukunya zai yi ma tafki, amma ni ban ba ka shawarar shiga teku da shi ba.

Efoksi shi ne mai cin kuɗɗin, ya fi katakon tsada nesa, kuma sai dai ka ba da sautu wajen 'yan kasuwarmu masu zuwa Kano ko Ikko ko Kwatano. Abu biyu ne, rezin wato ruwan gam ɗin, da hadna wato abin da ke sa shi daskarewa in an haɗa su, kana buƙatar wajen lita 5 zuwa 6 gaba ɗaya, kuma ka dage a kawo maka hadna mai jinkirin kamawa sabida zafinmu. Kar a kawo maka ɗan ƙaramin nan na tib biyu mai kamawa cikin minti biyar, ba shi ba ne. Kar kuma masu gyaran jikin mota su ce ga nasu rezin mai arha, nasu foliyesta ne, yana da wari mai hawa kai kuma ba ya riƙe katako da kyau, bayan wani lokaci sai ka ga faiban ya ɗago ruwa ya shige ƙarƙashi. Ƙyallen faiba kuma saƙaƙƙe ake so, mai nauyin giram 135 zuwa 200 a murabba'in mita, banda mai gashi-gashin nan da ke shan rezin ba ƙoshi. Ka haɗa da faiba mai kama da tef faɗin santimita 7 ko 8 na bin ɗinki, in babu ka yanka daga ƙyallen.

Sauran kaya duk suna nan gari. Waya, ka samu tsohon kebul na wuta ka feɗe, tagullar ciki mai kaurin milimita 1 ita ce daidai. Garin katako ka je wajen kafinta mai injin gogewa ka ɗebo mai laushin nan, ka tankaɗe da rariya, amma ka sayi taka rariyar dan zaman lahiya da uwargida. Manyan sirinji daga famasi na awo, zarto mai ƙananan haƙora, abin fere katako na hannu mai kaifi, filaya, injin huda da bakin milimita 1 da rabi, samfefa lamba 80 da 120 da 220, safar hannu ta roba kwali guda, takunkumi. Abin matse katako kana buƙatar da yawa, to dabara ita ce ka samu fayif na roba mai faɗi ka yayyanka shi zobe-zobe ka tsaga kowane gefe guda, ya zama abin matsi na banza.

Kahin ka yanka komi, ɗauki mita ka auna hanyar fita. Gidajenmu zaure ne da kwana, ƙofar waje ba ta kallon ta ciki, abu mai mita 5 da wani abu ba ya lanƙwasa, in ba ka lura ba ranar fitarwa sai ta kan katanga. Wurin aikin ya zama rumfa mai inuwa tsawon aƙalla mita 6 da rabi, ƙasa a daidaice, ka ɗora dogon teburi ko benci biyu ka daidaita su da tiyon ruwan nan na magina. Awaki da kaji da yara kuma ka san yanda za ka yi da su, akuya na cin takardar zane ba wasa ba.

Zane kuwa kar ka ƙirƙira daga kanka a jirgin farko, ko kai ne shugaban kafintocin gari. Siffar kowane falle ita ce siffar jirgin, kuskuren rabin santimita a takarda shi ne jirgi mai karkata hagu har abada. Akwai kamfanoni a intanet masu sayar da zane, irin su Chesapeake Light Craft na Amurka, akwai kuma na kyauta, ka zaɓi mai falle huɗu a gangar jiki, biyu na ƙasa biyu na gefe, ka duba nauyin mutumin da aka zana shi dominshi ya yi daidai da naka. In awon da inci ne ka zauna da kalkuleta ka maida shi milimita gaba ɗaya tun farko, inci guda milimita 25.4, kar ka riƙa juyawa kana tsakar aiki.

Tunda falle santimita 244 ne jirgi kuma ya wuce 500, dole ka haɗa tsawo. Haɗin da ya fi shi ne na fiƙe, ka fere bakin kowane falle a gangare, tsawon gangaren ninki takwas na kauri, wato milimita 32 ga filawud mai 4. Ka jera fallayen kan juna kowane ka ja shi baya da milimita 32 ya yi matakala, sai ka fere matakalar ta zama gangare guda, layukan gam da ke cikin filawud ɗin za su fito maka, in sun miƙe sak a jere aikinka ya yi, in sun yi kwana-kwana akwai tudu. Ka shafa efoksi tsura ya sha, ka ƙara mai ɗan kauri, ka haɗa, leda sama leda ƙasa dan kar ya kama teburi, ka danne da bulo, ka kwana.

Sai ɗora zane. Za ka ja layi miƙaƙƙe da zare a tsawon fallen, ka raba shi tasha-tasha yanda zanen ya ce, a kowace tasha ka auna ka sa ɗigo, ka kafa ƙananan ƙusoshi a ɗigon, sannan ka samu siririn katako dogo mara gaɓa ka lanƙwasa shi jikin ƙusoshin ka bi da fensir. Ka koma ƙarshe ka durƙusa ka kalli layin da ido guda, in wata ƙusa ta sa shi ya yi ƙusumbi to awon wurin ne ba daidai ba, sake aunawa. Dama da hagu tare ake yankansu, ka ɗora falle biyu ka matse ka yanka lokaci guda, ka bar milimita 2 wajen layi, ka ƙarasa da abin fere har kan layin. Wanga mataki ba ya son gaggawa ko kaɗan, in ka gaji ka aje ka je ka sha shayi.

Ɗinki shi ne mai daɗin. Ka huda ramuka milimita 6 daga baki, tsakaninsu santimita 10 zuwa 15, wajen goshi da wutsiya inda katakon ke murɗewa da ƙarfi ka matso da su kusa. Ka yanka waya guntu-guntu santimita 8 ko 10. Fallayen ƙasa biyu ka fara ɗinkewa suna kwance kan juna, sako-sako, sannan ka buɗe su, ka kawo na gefe ka bi su daga goshi zuwa wutsiya, murɗin wayar ta waje. Cikin yini guda abin da ke shimfiɗe jiya ya tashi ya zama jirgi, maƙwabta su fara leƙowa ta katanga. Kar ka ɗaure ko ɗaya tamau sai duk sun shiga, in ka gama sai ka bi da filaya kana ƙara murɗi kaɗan-kaɗan, baki ya haɗu da baki ba wani ya hau wani ba. In goshin ya ƙi lanƙwasa, kuma da hunturu katako na bushewa ya yi taurin kai, ka jiƙa tsumma da ruwan zafi ka ɗora mishi na ɗan lokaci, amma ka bari ya bushe sarai kahin efoksi ya taɓa wurin. A bakin sama na fallayen gefe ana manna siririn farin katako kaman santimita 2 da 2 daga goshi har wutsiya, shi rufin zai zauna a kai, yawancin zanuka tun kahin ɗinki suke cewa a manna shi.

Yanzu tsaya, kar ka taɓa gam tukuna. Ka sa katangun ciki, wato allunan da ke raba cikin jirgin gida uku, da sandunan da ke buɗe faɗin jirgin a inda zanen ya ce, ka ja zare daga tsinin goshi zuwa tsinin wutsiya ka ga ko ya raba jirgin biyu daidai, ka gicciya sanda miƙaƙƙiya guda gaba guda baya ka koma nesa ka hango su, in ba su kwanta layi ɗaya ba jirgin ya murɗe. Yanzu gyaranshi sassauta waya ne da ɗan juyawa da hannu, bayan efoksi kuwa babu gyara, sai haƙuri.

To ga babbar maganar, efoksi da zafin Maradi. Masu yin shi suna lissafi ne da yanayin digiri 20 zuwa 25, mu kuwa watan huɗu da na biyar muna wuce 40 a inuwa, kuma duk ƙarin digiri 10 lokacin da kake da shi kahin ya kama yana raguwa da kusan rabi. Shi da kanshi ma zafi yake fitarwa in an haɗa, in ka bar shi dunƙule cikin kofi sai ka ji kofin ya ɗau zafi a hannunka, kahin ka ce mi ya fara hayaƙi ya narkar da robar ya daskare, kuɗɗinka sun tahi. Sabida haka kaɗan-kaɗan ake haɗawa, mililita 100 ko 150, ka auna da sirinji daidai yanda aka rubuta jikin galan, wani biyu da ɗaya ne wani biyar da ɗaya, sirinjin rezin daban na hadna daban, ka juya minti biyu kana kankare gefe da gindi, ka juye cikin faranti mai faɗi nan take. Kar ka ce bari in ƙara hadna ya fi ƙarfi ko in rage dan ya jinkirta, ba haka yake aiki ba, abin da za ka samu shi ne danƙo da ba ya bushewa har abada sai ka kankare. Galan ɗin ka aje su ɗaki mai sanyi kusa da randa. Lokacin da ya fi dacewa da aikin duka shi ne daga watan goma sha ɗaya zuwa na biyu, ƙura ce matsalar lokacin amma ita da dabararta. Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba, shafin farko bisa katako tsirara da yamma ake yinshi bayan la'asar lokacin da gari ya fara hucewa, dan in ka shafa da hantsi katako na ɗumama iskar cikinshi na fitowa, sai ka dawo ka tarar da ƙananan kumfa dubu sun daskare a jiki. Safar hannu kullum, efoksi in ya saba taɓa fata wata rana jiki zai ƙi shi, ƙaiƙayi da kumburi, kuma in ya fara ba ya bari. In ya taɓa ka, ruwan binega da sabulu, banda tina ko fetur.

Ka kwaɓa efoksi da garin katakon nan har ya yi kaurin da in ka ɗebo a cokali ka kifa ba ya zuba. Ka ɗiɗɗiga shi ta ciki tsakanin waya da waya, kar ya taɓa wayar, ka bari ya kwana. Washegari ka yanke wayoyin ka zare, wadda ta maƙale ka ɗumama bakinta da laita ta saki. Sannan ka bi dukan ɗinkin da kwaɓin, ka zuba cikin leda ka yanke ƙusurwa kana matsawa, ka bi da bayan cokali ya yi kwarmi sumul, tun bai gama bushewa ba ka shimfiɗa tef ɗin faiba a kai ka jiƙa shi da efoksi tsura. Siriri ya isa. Nan ne mutane ke lalata rashin nauyin da suka zo nema, suna ganin yawan gam shi ne ƙarfi, alhali lita guda ta efoksi ta fi kilo guda, in ka yi almubazzarancin lita uku ka ɗora ma kafaɗarka kilo uku da wani abu kuma jirgin bai ƙara ƙarfin komi ba. Duk abin da ya tsiyaya gefe ka kwashe tun yana ɗanye, gobe sai da samfefa da gumi. Wurin zama ka shimfiɗa mishi ƙyallen faiba gaba ɗaya sabida diddige da rairayi, sauran cikin shafi biyu na efoksi, kar ka bar ko tafin hannu na katako tsirara.

Sai ka kifa jirgin. Ka cike ramukan waya da tsagin ɗinki, ka goge kusurwoyin su yi ɗan zagaye dan faiba ba ya bin kaifi, ka share ƙura tas, ka shimfiɗa ƙyallen a bushe ka lallashe shi da tafin hannu har ya kwanta, a goshi da wutsiya ka tsaga ka ɗora wani kan wani. Nan kana buƙatar mutum na biyu, shi yana haɗawa kai kana shafawa. Ka zuba daga tsakiya kana ja da katin roba, guntun jarka da aka yanka ma ya yi, ƙyallen fari ne amma da ya sha sai ya ɓace katakon ya fito, inda ka ga fari bai sha ba, inda ka ga ƙyalli ya yi yawa ka kwashe, so ake saƙar ta riƙa nunawa. In ya fara tauri amma bai ƙanƙare ba ka bi da reza ka yanke rarar gefe. Bayan nan shafi biyu ko uku sirara har saƙar ta cike. In ka bari ya wuce kwana guda tsakanin shafi, ka wanke da ruwa da soso, dan wani efoksin na fitar da maiƙo a sama, ka ɗan goga samfefa kahin ka ƙara. Ƙasan goshi da wutsiya ka ƙara musu tsiri guda na faiba, su ke cin gaɓa.

Katangun ciki biyu, guda gaban ƙafa guda bayan mazauni, ba ado ba ne, su ne ranka. In jirgi ya kife tsakiya kaɗai ke cika, ɗakunan iska biyun da katangun suka rufe gaba da baya su riƙe shi sama. Ka manne su da kwaɓi ko'ina, sai dai ka huda ɗan rami na milimita 1 can sama jikin kowace, dan in jirgin ya sha rana iskar ciki ta kumbura sannan ka jefa shi ruwan sanyi, tana iya fasa haɗi ko ta tsotse murfi ya ƙi buɗuwa. Cikin tsinin goshi da na wutsiya ka zuba ɗan kwaɓi ya cike, nan za ka huda ramin igiya. Matakin ƙafa ma yanzu ne lokacin sa shi tun hannu na kaiwa.

Rufin sama ka shafe cikinshi da efoksi kahin ka kifa, ka fere farin katakon bakin ya bi gangaren rufin, ka shafa kwaɓi, ka ɗora ka ɗaure da tsirin robar tiyub zagaye-zagaye, in ya kama ka yanke rara ka sa mishi faiba mara nauyi ya sauko ya hau gefe da santimita 3 ko 4. Ramin zama wajen santimita 42 da 78 ya yi ma yawancin mutane, amma ka yanka kwali ka gwada shiga da fita tukuna. Bakin ramin zobban filawud ne ake jerawa su kai tsayin santimita 2, na sama ya fi faɗi ya yi leɓe, nan zanen hana ruwa ke maƙalewa, wato ƙyallen da kake ɗaurawa a ƙugu ya rufe ramin dan kar ruwa ya shiga. Ƙofofin ɗakunan iska ka yanka su daga rufin da kanshi, ka yi musu mazauni ta ƙasa da roba mai laushi, ka ɗaure da bel. Ka zagaya igiya gefen rufin gaba da baya, in ka faɗa ruwa jirgin santsi gare shi, ita za ka kama. Mazauni soso mai tauri kaurin santimita 2 ko 3 kawai, na ga masu son sa kujera dan jin daɗi, duk santimitan da ka ɗaga jirgin na ƙara rawa.

Efoksi ba ya jure hasken rana, in ka bar shi tsirara zai yi rawaya ya fara gari, kuma ranarmu ba ta wasa. Ka bari ya yi kaman sati ya ƙanƙare, ka goge da 80 sannan 120 sannan 220 da takunkumi a hanci, kar ka ci cikin faiban. In kana son kyan katako ya fito sai banish na jirgin ruwa mai kariya daga rana, shafi huɗu ko biyar. Ni dai a ganina farin fenti mai kyau ya fi mana, aƙalla a gangar jiki, dan baƙi ko shuɗi mai duhu in ya kwanta a rana zafinshi na kaiwa inda efoksi ke fara laushi. Maganin ƙura, ka zagaye rumfar da leda ko tsoffin zannuwa, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka shafa da sassafe bayan asuba kahin iska ta tashi da masu shara su fara, ranar da hazo ya sauko kuwa ka haƙura kawai.

Filafili ba sai ka saya ba. Irin na Girinlan daga katako guda ake fere shi, farin katako mara gaɓa, tsawo ka tsaya ka miƙa hannu sama inda yatsunka suka lanƙwasa kan bakinshi, yawanci santimita 210 zuwa 230, faɗin baki wajen 8 ko 9 yanda tafinka zai iya damƙewa. Ka shafa mishi mai ko efoksi siriri, farin katako na ruɓewa in ya sha ruwa.

Duka aikin masu yi suna lissafa awa 60 zuwa 100, in da yamma da ranar hutu kake yi ka sa wata biyu ko uku a ranka.

Ranar gwaji ka ɗaure shi saman mota kan soso, igiya biyu a ciki, guda goshi guda wutsiya, banda ɗaurin buhun gero da 'yan tasha suka saba, filawud mai milimita 4 ne. In Madarumfa za ka, ka fara gaida masuntan wurin ka faɗa musu abin da ya kawo ka, su suka san inda zurfi yake da inda suka kafa taru, kuma kar ka tahi kai kaɗai. Rigar ceto dole ce ko ka iya ruwa, in ba ka iya ba ka koya tukuna, jirgin ba ya gudu. Ka fara a ruwa iya ƙugu, shigar farko za ka ji yana rawa, ka saki ƙugunka ka kalli nesa. Sannan ka kifar da shi da gangan wani na tsaye kusa, ka koyi zamewa ka fito, ka maimaita har tsoron ya fita, sai bayan nan ka fara sa zanen hana ruwa. Ka buɗe ɗakunan iska ka duba ko akwai ɗigo, in akwai ka sa alama da fensir. Ruwan tafki kuma akwai tsargiya, in ka fito ka yi wanka da sabulu ka goge jiki, in daga baya ka ga jini a fitsari ka je likita akwai magani. Da damina in ka hango hadari ya haɗo gabas ka fito tun iskar ba ta iso ba.

Teku kuwa wani karatu ne daban. Gaɓar Kwatano da Lome igiyar ruwa na karyewa da ƙarfi dab da rairayi kuma akwai ruwa mai ja ciki, masuntan can ma da manyan jiragensu sai sun tsaya sun ƙirga igiya kahin su kutsa. In ka kai jirginka can ka fara a ruwan lagun mai kwanciya, wato tafkin da ke bayan gaɓar teku, ka nemi wanda ya san wurin ya fita da kai, ka koyi komawa cikin jirgi a ruwa mai zurfi da kwashe ruwan ciki. In kun dawo ka ɗauraye shi da ruwan daɗi, ka buɗe ƙofofin ya sha iska, ka rataye shi a inuwa da bel biyu masu faɗi nesa da ƙasa sabida gara, duk ƙarzunar da ta kai ga katako kuma ka bari ta bushe ka toshe da efoksi kahin fita ta gaba.